Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Daraktocin Kamfanoni: Wa Ke Iya Gaya Wa Shugabanku Gaskiya?

Zuwa ga mambobin hukumomin daraktoci na kamfanoni, manya da ƙanana.

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ku na zaɓa in rubuto wa maimakon shugabannin da kuka naɗa, domin su ma'aikatanku ne. Ku kuka tantance su kafin ɗauka, ku kuka yanka musu albashi, ku kuka tsara abin da za su cim ma kafin a ba su tukuicin ƙarshen shekara, kuma ku kaɗai ke da ikon ce musu su tattara nasu ya nasu. Amma duk ranar da kamfani ya shiga abin kunya, hoton shugaba ake bugawa a jarida, shi ake kira gaban majalisa ana yi masa tambayoyin ƙure, ku kuwa sai ku fitar da gajeriyar sanarwa cewa kun kaɗu da jin labarin. Ni ƙaramin mai hannun jari ne, cikin waɗanda ake karanta wa rahoto sau ɗaya a shekara su ɗaga hannu su koma gida. Da sunanmu kuke zaune a kujerun nan, don haka ina ganin ina da hurumin magana. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganata guda ce. Idan kuna son sanin inda shugaba zai kai kamfani, da dukiyarsa da sunansa, ku duba abin da ke faruwa da mummunan labari a ƙarƙashinsa. Yana hawowa sama da sauri, ko a hanya yake mutuwa? Kuma wanda ya kawo shi, me ke samunsa?

Bari in fara da Ford. A watan Satumba na 2006 kamfanin ya ɗauko Alan Mulally daga Boeing, mutumin da bai taɓa aiki a masana'antar mota ba, a shekarar da Ford ya tafka asarar fiye da dala biliyan 12. Mulally ya kafa taro duk ranar Alhamis, inda kowane shugaban sashe zai nuna halin da aikinsa ke ciki da launi: kore idan lafiya lau, rawaya idan akwai damuwa amma an san maganinta, ja idan an maƙale. Makonnin farko allon nan kore ne shar. Kamfani na zubar da biliyoyi, amma wai babu wanda ke da matsala a sashensa. Manajojin sun san gaskiya sarai, sai dai sun taso a gidan da duk wanda ya furta matsala shi ake ɗora wa laifinta. Ana haka sai Mark Fields, mai kula da harkokin kamfanin a nahiyar Amurka, ya shigo da ja: an dakatar da fitar da sabuwar motar Edge saboda wata matsala a ƙofarta ta baya. Ɗakin ya yi tsit, kowa na jiran ya ga yadda za a yi da shi. Mulally ya tafa masa, sannan ya tambaya ko akwai wanda zai iya taimaka masa. Ba a jima ba allon ya cika da ja da rawaya.

Tafin ya sanar da duk wanda ke ɗakin, da duk wanda labarin ya isa kunnensa a ƙasa, cewa daga ranar faɗin gaskiya ba ya cin kujerar mutum. Kafin ƙarshen shekarar Ford ya jinginar da kusan duk abin da ya mallaka, har da shuɗin tambarinsa, ya ciyo bashin fiye da dala biliyan 23. Ba Mulally kaɗai ya ƙulla wannan bashi ba, amma sai gidan da ya yarda yana cikin ja ne zai iya yin irin wannan kasada tun kafin ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da tattalin arzikin duniya ya rikice, General Motors da Chrysler suka durƙushe a 2009 sai da gwamnatin Amurka ta tallafe su, Ford kuwa bai shiga kotun fatara ba. Fields ɗin nan da ya kawo ja shi ya gaji kujerar a 2014.

Yanzu ku ajiye wannan kusa da Volkswagen. A ƙarƙashin Martin Winterkorn, wanda ya hau kujera a 2007, kamfanin ya ɗaura aniyar ture Toyota ya zama na ɗaya a duniya wajen sayar da mota kafin 2018. Hakan ba ya yiwuwa sai an ci kasuwar Amurka, makamin da aka zaɓa kuwa shi ne injin dizal da aka tallata a matsayin mai tsafta. Sai dai dokar hayaƙi ta Amurka ta fi ta Turai tsauri, injiniyoyi kuma suka kasa haɗa araha da tsimin mai da ƙarancin hayaƙi a inji ɗaya. Maimakon wani ya hau bene ya ce abin nan ba zai yiwu ba a kan wannan kuɗi da wannan wa'adi, sai aka sa wa motocin manhajar da ke gane lokacin da ake gwada su a ɗakin gwaji, ta rage hayaƙi, idan an hau titi kuma ta saki. Shekara da shekaru ana sayar da su a haka, har wasu masu bincike na jami'ar West Virginia suka ɗora na'urar awo a bayan mota suka bi hanya da ita. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce hayaƙin na iya ninka abin da doka ta yarda har sau 40. A Satumban 2015 asiri ya tonu, kamfanin ya amsa cewa abin ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya, Winterkorn ya sauka cikin kwanaki, kuma kuɗin tara da diyya da gyara suka haura yuro biliyan 30.

Winterkorn ya dage cewa bai san da manhajar ba. A ƙaddara gaskiya ya faɗa. To ai wannan bai wanke shi ba, kuma bai wanke waɗanda suka naɗa shi ba. Mutum ne da aka sani da bin diddigin ƙananan abubuwa. Akwai bidiyonsa a baje kolin motoci na Frankfurt a 2011, yana zaune cikin wata motar Hyundai yana gwada abin daidaita sitiyari, ya kira babban mai zanen motocinsa yana tambaya me ya sa na waɗannan ba ya ƙara, su kuwa sun kasa. Shugaban da kunnensa ke kama ƙarar sitiyarin motar wasu, amma maganar motoci miliyan 11 na gidansa ba ta isa wurinsa ba, lafiyar kunnensa ƙalau. Mutanensa ne suka koyi abin da ba a kai masa. Ana cewa ba a mugun sarki sai mugun bafade. A harkar kamfani ban yarda da wannan magana ba. Bafade a fada yake koyon halinsa, yana kallon wanda aka ɗaga da wanda aka kora, ya auna inda tasa ribar take.

Inda hannunku ya fi fitowa fili shi ne wajen awo da lada. Bankin Wells Fargo ya fito daga rikicin tattalin arziki na 2008 da sunansa a wanke, ana yi masa kallon bankin da bai shiga caca da kuɗin mutane ba. Abin alfaharinsa shi ne yawan hajojin da yake sayar wa kowane abokin hulɗa: asusun ajiya, katin bashi, inshora da sauransu. Burin da aka kafa shi ne takwas ga kowane gida, kuma wannan ƙidaya ce shugabansa John Stumpf ke nuna wa masu zuba jari. Daga sama lambar ta gangaro ta zama ƙa'idar yini ga ma'aikacin reshe, wanda albashinsa bai taka kara ya karya ba, kuma ya san idan ya ci gaba da gazawa aikin zai suɓuce masa. Sai ma'aikata suka shiga buɗe asusu da katunan bashi da sunan mutane ba da saninsu ba. Jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin tun Disambar 2013. A Satumban 2016 hukumomi suka ci bankin tarar dala miliyan 185, aka kuma bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300 cikin shekara biyar a kan wannan laifi. Asusun da ake zargi sun fara da kusan miliyan 2, bincike na gaba ya kai su miliyan 3.5.

Ku tsaya a kan lambar nan ta 5,300. Mutum ɗaya ya yi ha'inci, a ce halinsa ne. Amma dubban mutane a rassa daban-daban, waɗanda ba su san juna ba, su yi ha'inci iri ɗaya, wannan umarni suka bi ko da babu wanda ya rubuta shi a takarda. Shekara biyar bankin na korar na ƙasa yana barin ƙa'idar da ke haifar da laifin. Wasu tsofaffin ma'aikata sun ce da suka kira layin kai ƙorafi na cikin gida, korarsu aka yi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rahoton da daraktocin bankin da kansu suka fitar a Afrilun 2017, wanda ya nuna ba su san jimillar waɗanda aka kora ba sai da maganar tara ta fito. Wato tare da mai karanta jarida suka ji. Stumpf ya sauka a Oktoban 2016, an ƙwace masa dala miliyan 69 na lada, daga baya aka haramta masa aikin banki har abada. Bankin ya biya wasu dala biliyan 3 a 2020. Hukuncin da ya fi zafi shi ne na babban bankin Amurka, wanda a Fabrairun 2018 ya hana shi ƙara girman kadarorinsa, kuma bai ɗage takunkumin ba sai a 2025. Shekara bakwai abokan gogayyarsa na faɗaɗa, shi yana tsaye cik.

Na Boeing ya fi kowanne ciwo, domin can rayuka aka rasa, kuma can ne kotu ta waiwayo kan masu irin kujerarku. A ƙarshen 2010 Airbus ya ƙaddamar da A320neo, jirgi mai tsimin mai. A 2011 kamfanin American Airlines, wanda ya daɗe ba ya sayen jirgin kowa sai na Boeing, ya juya ga Airbus. Boeing ya ajiye tunanin ƙera sabon jirgi daga tushe, ya yanke shawarar ɗora manyan injina a kan 737, jirgin da ya fara tashi tun 1967. Girman injinan ya sa dole aka matsar da su gaba aka ɗaga su, hakan kuma ya canza yadda jirgin ke amsa matuƙi a wasu yanayi. Sai aka saka manhajar MCAS da ke danna hancin jirgin ƙasa da kanta, tana dogara da na'urar awo guda ɗaya tak. An yi wa kamfanonin sufuri alkawarin cewa matuƙansu ba sa buƙatar horo mai tsada a na'urar kwaikwayon tuƙi, har aka yi wa Southwest alkawarin rangwamen dala miliyan 1 a kan kowane jirgi idan horon ya zama dole. Bayanin MCAS bai shiga littafin matuƙa ba. A Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa teku a Indonesiya da mutum 189. A Maris na 2019 jirgin Ethiopian Airlines ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga Addis Ababa da mutum 157.

Tsakanin haɗuran biyu akwai kusan wata biyar. Me daraktocin Boeing suka yi a cikinsu? A Disambar 2018, ba a cika wata biyu da mutuwar mutum 189 ba, suka amince a ƙara ribar da ake raba wa masu hannun jari da kashi 20 cikin ɗari, suka kuma ware dala biliyan 20 don kamfanin ya sayi hannun jarinsa da kansa. Ina cikin irin mutanen da aka yi wannan don a faranta musu, kuma ina gaya muku ba mu roƙi a faranta mana ta wannan hanya ba. Jirgin ya yi wata 20 a ƙasa a Amurka. An sallami Dennis Muilenburg a Disambar 2019, ya tafi da haƙƙoƙin da suka kai kusan dala miliyan 62. Saƙonnin cikin gida da aka fitar daga baya sun nuna ma'aikata na yi wa jirgin da masu kula da aikinsa ba'a a tsakaninsu, wato a ƙasa an san akwai ɓaraka. A 2021 wata kotu a jihar Delaware ta yarda a ci gaba da ƙarar da masu hannun jari suka shigar a kan daraktocin, bisa hujjar cewa kamfanin da sana'arsa ƙera jirgin sama ce ba shi da kwamitin daraktoci mai kula da lafiyar jirgi sai bayan haɗari na biyu. Akwai kwamitin binciken kuɗi, akwai na albashi, babu na abin da ke riƙe da ran fasinja. An sasanta a kan dala miliyan 237.5, kamfanonin inshora ne suka biya. A Janairun 2024 kuma wani murfin ƙofa ya ɓalle daga jirgin Alaska Airlines yana sama, bincike ya nuna kusoshi huɗu da ya kamata su riƙe shi babu su.

Akwai wani zare a labarin Boeing da nake so ku bi. Uku daga cikin waɗanda suka shugabance shi a wannan ƙarni, Harry Stonecipher da James McNerney da Dave Calhoun, sun yi aiki a General Electric, gidan Jack Welch. Welch ya riƙe GE daga 1981 zuwa 2001, darajar kamfanin a kasuwa ta tashi daga kusan dala biliyan 14 ta haura biliyan 400, mujallar Fortune ta naɗa shi manajan ƙarni a 1999, kuma hukumomin daraktoci a ko'ina suka shiga rububin almajiransa. Sai bayan tafiyarsa aka ga yadda ribar ta dogara da reshen ba da bashi, wanda a 2008 ya kusa jan kamfanin ƙasa. A 2018 aka cire GE daga Dow Jones, jerin manyan kamfanonin da ake auna kasuwar hannun jarin Amurka da su, a 2024 aka kammala raba shi gida uku. Ba zan ce duk laifin Welch ba ne, magajinsa ya yi shekara 16 a kujerar da nasa kurakuran. Abin lura shi ne alƙaluman da shugaba ke nunawa yana kan kujera da lafiyar kamfanin abubuwa biyu ne, kuma sau da yawa bashin yana zuwa ne bayan an yi masa liyafar bankwana. Ku kuwa wa'adin da kuke auna shi da shi wata uku ne, ko shekara, da ƙyar shekara uku.

Manyan sunaye a teburinku ma ba sa maganin wannan. Hukumar daraktocin Theranos ta ƙunshi Henry Kissinger da George Shultz, tsofaffin ministocin harkokin wajen Amurka, da Janar James Mattis. An kimanta kamfanin a kan dala biliyan 9 bisa na'urar gwajin jinin da ba ta yin abin da aka ce tana yi. Jikan Shultz da kansa ya yi aiki a can, ya zo ya gaya wa kakansa abin da ya gani, kakan ya zaɓi maganar shugabar kamfanin, Elizabeth Holmes. A 2022 kotu ta same ta da laifin zamba.

Na san wani a cikinku zai ce ina kambama maganar suna, kuma yana da hujja. A 2016, shekara guda bayan tonon asirin hayaƙi, Volkswagen ya sayar da motoci fiye da miliyan 10, ya ture Toyota kamar yadda ya yi buri. Mai saye yana mantuwa, ko kuma bai damu ba tun farko idan motar ta yi masa. Wannan gaskiya ne. Amma ba mai saye kaɗai ke riƙe da sunan kamfani ba. Akwai hukumar da da can take karɓar takardunku ta sa hannu, yanzu sai ta turo mutanenta su tsaya a kanku. Bayan ɓallewar ƙofar nan hukumar sufurin sama ta Amurka ta ƙayyade wa Boeing ƙera jirgin 737 guda 38 a wata a 2024, alhali oda na jibge. Akwai mai ba ku bashi, akwai alƙali, akwai ƙwararren injiniyan da ke da zaɓin inda zai yi aiki. Waɗannan ba sa mantuwa da sauri, kuma abin da suke caje ku ba ya fitowa a shafin ciniki, a wasu shafuka yake ɓuya.

Duk mai koyar da harkar kasuwanci yana kawo labarin Tylenol, maganin rage ciwo na kamfanin Johnson & Johnson, ni ma zan kawo shi, amma har ƙarshensa. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan shan maganin da wani ya zuba wa guba a kanti. Laifin ba na Johnson & Johnson ba ne, amma shugabansa James Burke ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga faɗin Amurka, a kan asarar fiye da dala miliyan 100, ya fito ya gaya wa mutane su daina sha. Kason maganin a kasuwa ya faɗi daga kusan kashi 35 cikin ɗari zuwa ƙasa da 10, aka dawo da shi cikin sabon mazubi mai hatimin da ke nuna in an taɓa, kuma cikin kusan shekara guda ya farfaɗo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne shekaru kafin nan Burke ya riƙa tara manajojinsa suna muhawara a kan takardar aƙidar kamfanin da aka rubuta a 1943, wadda ta sa marasa lafiya da likitoci a gaba, masu hannun jari a ƙarshe, yana cewa ko a yi aiki da ita ko a cire ta daga bango. Ranar da masifa ta zo an riga an gama gardamar. To wannan kamfani dai, a 2009, da aka gano matsala a wani rukunin maganin Motrin, sai aka ɗauki 'yan kwangila su bi kantuna suna saye a ɓoye kamar masu saye na gaske, don kada a yi shelar janyewa. A 2010 maganar ta fito gaban majalisar dokokin Amurka, shugaban kamfanin na lokacin ya amsa cewa kuskure ne. Takardar 1943 tana nan a bango duk tsawon lokacin. Wanda ke kan kujera ne ya canza, kuma daraktoci ne suka canza shi.

Ga abin da nake roƙonku. Idan za ku ɗauki shugaba, kada ku tsaya ga waɗanda ya rubuta sunayensu su ba da shaida a kansa. Ku nemo waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa suka bar wurin, ku tambaye su ranar da suka kai masa labarin da ba ya so, me ya biyo baya. Shi ma ku tambaye shi sunan mutum na ƙarshe da ya musa masa a gaban jama'a, da inda mutumin yake yanzu.

Bayan kun ɗauke shi kuma, kada duk abin da kuka sani game da kamfanin ya zama ta bakinsa ya biyo. Mai binciken kuɗi na cikin gida, da mai kula da inganci ko lafiyar ma'aikata, da mai karɓar ƙorafin masu kwarmata bayani, su riƙa zama da ku shugaba ba ya ɗakin. Ku nemi a kawo muku adadin waɗanda aka kora da dalilin korarsu, da adadin ƙorafin da aka shigar da abin da ya sami masu shigarwa bayan shekara guda. Idan kuka ga sashen da bai taɓa gaza cika ƙa'idarsa ba, wata bayan wata, ko kasuwa ta yi kyau ko ta ɓaci, can za ku fara tura masu bincike kafin ku aika da tukuici.

Akwai wanda ya gwada irin wannan ya ga amfaninsa. Da Paul O'Neill ya karɓi kamfanin alminiyam na Alcoa a 1987, jawabinsa na farko ga masu zuba jari a kan lafiyar ma'aikata ya yi shi, suna jiran maganar riba. Ya kafa doka cewa duk raunin da ma'aikaci ya ji, rahotonsa ya iso gare shi cikin awa 24 tare da bayanin yadda za a hana maimaituwa, ya kuma ba ma'aikata lambar wayarsa ta gida. Don rahoto ya yi wannan saurin, dole shugaban sashe ya riƙa jin manajan masana'anta, manaja ya riƙa jin ma'aikacin da ke gaban tanderu, kuma hanyar da aka buɗe don labarin rauni ita ce ta riƙa kawo labarin injin da ke ɓata kaya. Da ya gano wani babban jami'insa mai kawo riba ya ɓoye rahoton hayaƙin da ya kwantar da ma'aikata a wata masana'anta a Meziko, sallamarsa ya yi. Zuwa lokacin da ya bar kamfanin, darajarsa a kasuwa ta tashi daga kusan dala biliyan 3 zuwa fiye da biliyan 27.

Saura maganar lada. Ku riƙe kaso mai tsoka na tukuicin shugaba har sai shekaru sun wuce bayan saukarsa, ku kuma rubuta a yarjejeniyar aikinsa tun ranar farko cewa za a karɓe abin da aka ba shi idan ta bayyana ribar da aka auna ta ƙarya ce, ko an same ta da ran wani. Wells Fargo ya iya ƙwato miliyoyin Stumpf ne saboda akwai irin wannan sharaɗi a rubuce. Sharaɗin kuma ya hau kanku ku ma: daraktan da ya zauna shekaru a kwamitin da abin ya wuce ta gabansa bai tambaya ba, kada a sake kawo mana sunansa a babban taron shekara don mu sabunta masa kujera.

Naku,
Wani ƙaramin mai hannun jari